Manhajar imel ta kwamfuta

Manhajar imel ta kwamfuta manhaja ce da ake girkawa a kan kwamfuta domin karɓar wasiƙun imel da karanta su da rubuta su da kuma adana su, ba tare da an buɗe shafin kamfanin imel a burauza ba. Daga cikin sanannu akwai Mozilla Thunderbird da Microsoft Outlook da Apple Mail da Evolution. Takwararta ita ce imel na shafin yanar gizo, wato yadda akasarin mutane ke shiga Gmail ko Yahoo Mail ko Outlook.com a yau.

Manhajar ba ta ba mutum adireshin imel. Tana haɗuwa ne da adireshin da ya riga ya mallaka, ta ɗauko wasiƙunsa daga babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira saba, ta ajiye kwafinsu a kan na'urarsa. Saboda haka mai adireshin Gmail zai iya ci gaba da amfani da adireshinsa shekara da shekaru bai ga fuskar shafin Gmail ba. Wannan rabuwa tsakanin mai ajiye wasiƙa da abin karanta ta ita ce ta sa mutane da yawa ke komawa ga irin wannan manhaja a duk lokacin da kamfani ya sauya fasalin shafinsa ko ya cire wani abu da suka saba da shi.

Tarihi

Manhajar kwamfuta ta girmi imel na shafin yanar gizo. A shekarar 1988 Steve Dorner ya rubuta Eudora a Jami'ar Illinois da ke Amurka, daga baya kamfanin Qualcomm ya karɓe ta, ta zama ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su a shekarun 1990. David Harris, ɗan ƙasar New Zealand, ya fitar da Pegasus Mail a 1990. A jami'o'i kuwa ana amfani da Pine ta Jami'ar Washington, wadda ba ta da hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Microsoft ya shigo da Outlook a cikin Office 97, sannan ya haɗa Outlook Express da burauzarsa ta Internet Explorer, abin da ya sa ta shiga kusan kowace kwamfuta mai Windows har zuwa zamanin Windows XP. Duk da kamancin suna, Outlook da Outlook Express manhajoji ne daban-daban, kuma ba sa ajiye wasiƙu a fayil iri ɗaya.

Al'amarin ya juya a ranar 4 ga Yuli, 1996, lokacin da Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe Hotmail. Kyauta ne, kuma ana iya shiga daga kowace kwamfuta mai intanet. Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, shekarar da Yahoo Mail ya fara aiki. Gmail ya zo a ranar 1 ga Afrilu, 2004, da wurin ajiya na gigabayit ɗaya, a lokacin da abokan gasarsa ke ba da 'yan megabayit kaɗan. A ƙasashen da mutane suka fara sanin intanet a shagunan kafe, kamar Najeriya da Nijar da Ghana, imel na shafi shi ne kusan kaɗai abin da aka sani, domin wanda ba shi da kwamfutar kansa ba shi da inda zai girka manhaja. Qualcomm ya daina haɓaka Eudora a 2006.

Sauye-sauyen imel na shafi

Shafin imel mallakar kamfani ne, kuma kamfanin yana sauya shi ranar da ya ga dama. Mai amfani ba ya iya riƙe tsohon fasali kamar yadda zai iya ƙin sabunta manhajar da ke kan kwamfutarsa. Yawanci akan bar tsoho da sabo su yi tafiya tare na 'yan watanni, daga nan a rufe tsohon.

Microsoft ya gabatar da Outlook.com a watan Yulin 2012, kuma zuwa watan Mayun 2013 ya kammala mayar da duk masu Hotmail can. Adireshinsu bai canza ba, shafin ne ya zama wani daban. A wannan shekara ta 2013 Yahoo ya rufe tsohon fasalinsa, sannan a watan Oktoba ya fito da sabon tsari wanda ya cire damar buɗe wasiƙu da yawa a jere a saman shafi. Ƙorafin ya yi yawa har kamfanin ya maido da ita kafin ƙarshen shekarar. Daga ranar 1 ga Janairu, 2021, Yahoo ya cire wa masu asusun kyauta damar tura wasiƙunsu kai tsaye zuwa wani adireshi. Google ya ƙaddamar da Inbox by Gmail a 2014, mutane suka tsara ayyukansu a kansa, ya rufe shi a 2019.

Sauyin da ya fi taɓa masu raunin intanet shi ne cire sassauƙan shafin Gmail a farkon 2024. Wannan shafi ba shi da ado, yana buɗewa da sauri ko da sabis ya yi ƙasa, yana aiki a tsofaffin burauzoji, kuma makafi da dama sun saba da shi saboda manhajar da ke karanta musu allo tana bin sa cikin sauƙi. Bayan cire shi, wanda kwamfutarsa ba ta iya ɗaukar cikakken shafin sai dai ya koma waya ko ya girka manhaja.

Ba duk sauyi ne na fuska ba. Wasu sun shafi yadda ake shiga asusu, kuma waɗannan sun fi cutar da masu manhajar kwamfuta fiye da masu shafi. Tun daga ranar 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun mutum da adireshi da kalmar sirri kawai. Microsoft ya yi haka ga asusun Outlook.com da Hotmail daga ranar 16 ga Satumba, 2024. Tsofaffin manhajojin da ba a sabunta su ba sai suka riƙa tambayar kalmar sirri ba ƙaƙƙautawa, ko da an rubuta ta daidai.

Yadda take aiki

Manhajar tana magana da saba ta wasu ƙa'idoji da aka amince da su a duniya, waɗanda ba mallakar wani kamfani ba ne. Ana aika wasiƙa da ƙa'idar SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta bayaninta a 1982. Karɓa kuma hanya biyu ce, POP3 ko IMAP, kuma zaɓi tsakaninsu ya fi zaɓin manhajar kanta muhimmanci.

POP ta fara fitowa a 1984, sigarta ta uku kuma a 1988. Aikinta kamar zuwa gidan waya ne a kwashe abin da ke cikin akwati a tafi da shi gida: tana sauke sababbin wasiƙu zuwa kwamfuta, kuma a asalin tsarinta tana share su daga saba. Yawancin manhajoji suna da zaɓin barin kwafi a can. POP3 ba ta san foldoji ba, ba ta kuma gaya wa saba cewa an karanta wasiƙa. Wanda ya karanta saƙo a kwamfuta zai iya tarar da shi a waya kamar bai taɓa buɗe shi ba, kuma abin da ya aika daga kwamfuta ba lallai ya bayyana a wayar ba.

IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 1986, tana barin ainihin wasiƙun a saba, manhajar kuma ta zama madubinsu. Abin da aka karanta ko aka share ko aka mayar wata folda a na'ura ɗaya zai bayyana haka a sauran. Ita ce ta dace da mai waya da kwamfuta, wato kusan kowa a yanzu. Sai dai akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu game da ita: mutane na ɗauka cewa tunda suna ganin wasiƙunsu a kwamfuta, sun mallaki kwafin ajiya. Ba haka ba ne. Idan aka share wasiƙa a saba, ko wani ya kutsa asusun ya goge komai, manhajar za ta bi sahu ta goge nata da zarar ta haɗu da intanet. Kwafin da ya tsira shi ne wanda aka kwafa zuwa foldar da ke kan kwamfutar kaɗai, wadda ba ta da alaƙa da saba. Thunderbird tana da irin waɗannan foldoji na cikin gida, Apple Mail ma haka, a Outlook kuma ana yin hakan da fayil na PST.

Kowace ƙa'ida tana da lambar ƙofar da ake bi. Ga haɗin da aka rufe da tsaro, IMAP tana amfani da 993, POP3 da 995, SMTP kuma da 465 ko 587. Manhajojin zamani suna gano waɗannan da kansu ga manyan kamfanoni da zarar an rubuta adireshi. Mai adireshin makaranta ko na ma'aikata ne kan buƙaci ya nemi lambobin da sunan saba daga masu kula da kwamfutocin wurin.

Hanyar shiga ta zamani ana kiranta OAuth 2.0. Manhajar tana buɗe shafin kamfanin, mutum ya shiga a can ya ba da izini, kamfanin ya ba manhajar wata shaida da za ta riƙa nunawa a maimakon kalmar sirri. Ana iya janye izinin daga saitunan asusu a kowane lokaci. Ga manhajar da ba ta iya wannan, Google da Yahoo da Apple suna ba da kalmar sirri ta musamman da ake ƙirƙira domin manhaja ɗaya. A wajen Google sai an kunna tantancewa mai mataki biyu kafin a same ta.

Wasu kamfanoni suna da tasu hanyar. Sabar Microsoft Exchange, wadda ma'aikatu da jami'o'i da yawa ke amfani da ita, tana da ƙa'idojinta da ke haɗa imel da kalanda da littafin adireshi. Proton Mail yana buƙatar wata ƙaramar manhaja mai suna Bridge, wadda masu biyan kuɗi ne ke samun ta. Tuta ba ya karɓar IMAP kwata-kwata. Akwai kuma sabuwar ƙa'ida mai suna JMAP da aka wallafa a 2019, wadda kamfanin Fastmail ya jagoranci samar da ita, amma har yanzu ba ta yaɗu kamar IMAP ba.

Sanannun manhajoji

Thunderbird kyauta ce, lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Sigarta ta 1.0 ta fito a ranar 7 ga Disamba, 2004. A 2012 Mozilla ta rage hannunta a kanta, har aka yi zaton ta kusa mutuwa, amma masu sa-kai da gudummawar masu amfani suka riƙe ta. Tun 2020 tana ƙarƙashin MZLA Technologies, reshen Gidauniyar Mozilla. Siga ta 78 ta shigo da OpenPGP domin rufe saƙo yadda mai karɓa kaɗai zai iya buɗewa. Siga ta 115 da ta fito a 2023 ta sauya fuskar manhajar sosai, kuma wasu tsofaffin masu amfani sun yi irin ƙorafin da ake yi wa shafukan imel. Bambancin shi ne ana iya maido da akasarin tsohon tsarin daga saituna.

Sunan Outlook yana rikita mutane domin abu uku ne ke ɗauke da shi: shafin Outlook.com, da tsohuwar manhajar da ke zuwa tare da Office ko Microsoft 365, da kuma sabuwar Outlook ta Windows. Tsohuwar ita ce ginshiƙin ofisoshi, ta kuɗi ce, kuma ba ta da na biyu wajen aiki da Exchange. Sabuwar ta maye gurbin manhajar Mail da Calendar ta Windows, wadda Microsoft ya daina tallafa wa a ranar 31 ga Disamba, 2024. An gina ta ne a kan fasahar shafin Outlook.com, tana nuna talla ga wanda ba ya biyan kuɗi, kuma idan aka haɗa ta da asusun wani kamfani tana bi da wasiƙun ta sabar Microsoft. A watan Nuwamban 2023 mujallar kwamfuta ta c't da ke Jamus ta ba da rahoton cewa har bayanan shiga asusun IMAP tana aikawa can. Ga wanda ya bar shafi domin ya rage dogaro da kamfani, wannan ba ta biya masa buƙata ba. Kafin ita an riga an yi ritayar Windows Live Mail a watan Janairun 2017, abin da ke nuna cewa manhajar kwamfuta ma tana iya ƙarewa.

Apple Mail tana zuwa da kowace kwamfutar Mac kuma ta wadatar da yawancin masu ita. A Linux akwai Evolution ta GNOME, wadda ke iya magana da Exchange, da KMail ta KDE. Claws Mail, wadda ta samo asali daga Sylpheed a 2001, ba ta da nauyi ko kaɗan, don haka ta dace da tsohuwar kwamfuta, ko da yake fuskarta ta zamanin da ce kuma ba ta rubuta wasiƙa mai ado. A ɓangaren na kuɗi akwai eM Client, mai sigar kyauta da aka iyakance, da Mailbird, da The Bat! ta kamfanin Ritlabs na ƙasar Moldova.

Abubuwan dubawa kafin zaɓi

Tambaya ta farko ita ce ko manhajar tana iya shiga asusun da ake da shi ta hanyar da kamfanin ya yarda da ita a yau, kuma ko ana ci gaba da sabunta ta. Manhajar imel tana buɗe saƙonni da fayiloli daga mutanen da ba a sani ba, don haka wadda aka daina toshe ɓarakarta haɗari ce, komai sabon da aka yi da ita.

Ta biyu ita ce irin fayil ɗin da take ajiye wasiƙu a ciki, domin shi ne zai nuna ko za a iya ƙaura daga gare ta gobe. Tsarin mbox yana tara duk wasiƙun folda ɗaya a fayil guda na rubutu, kuma manhajoji da yawa suna karanta shi. Shi ne Thunderbird ke amfani da shi, shi ne kuma Google Takeout ke bayarwa idan mutum ya nemi kwafin Gmail ɗinsa. Maildir yana ba kowace wasiƙa fayil nata. PST na Microsoft ne, kuma fitar da wasiƙu daga cikinsa zuwa wata manhaja kan buƙaci ƙarin aiki. Hanya mafi sauƙi ta ƙaura ita ce a haɗa tsohuwa da sabuwar manhaja da asusun IMAP ɗaya, a ɗora wasiƙun daga wannan, a sauke su a waccan.

Inda intanet ke yankewa ko data ke da tsada, babban amfanin manhajar shi ne aiki ba tare da haɗi ba. Ana iya karanta tsofaffin wasiƙu, a yi bincike a cikinsu, a rubuta amsoshi su jira a akwatin fita har sabis ya dawo. Gmail ma yana da irin wannan a burauzar Chrome, amma na wasiƙun kwana 7 ko 30 ko 90 da suka wuce. Sai dai haɗin farko yana iya cinye data mai yawa, tunda asusun Google na kyauta yana ɗaukar har gigabayit 15, kuma manhajar za ta yi ƙoƙarin sauke duk abin da ta tarar. Ana kauce wa haka ta hanyar iyakance ta ga wasiƙun 'yan kwanakin baya, ko hana ta sauke saƙon da ya wuce wani girma. Fayil ɗin da aka maƙala wa wasiƙa yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa saboda yadda ake mayar da shi rubutu kafin aikawa.

Gmail yana da wata ɗabi'a da ke ba sababbin masu manhaja mamaki. Ba ya amfani da foldoji, laƙabi yake liƙa wa wasiƙa, kuma wasiƙa ɗaya tana iya ɗaukar laƙabi uku. Ta hanyar IMAP kowane laƙabi yana fitowa a matsayin folda, sai a ga wasiƙar a wuri uku, ga kuma foldar da ke tara dukkan wasiƙu. A saitunan Gmail ana iya zaɓar laƙaban da za su bayyana a IMAP.

Ga mai rubutu da Hausa, ya kamata manhajar ta riƙa aikawa da tsarin haruffa na UTF-8, wanda shi ne ke ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da kuma haruffan ajami. Manhajojin yanzu suna yin haka da kansu. Tsofaffi irin su Eudora ba su iya shi sosai ba, shi ya sa haruffa masu lanƙwasa kan isa a matsayin alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana.

Tsaro da iyakoki

Manhajoji da dama, ciki har da Thunderbird da tsohuwar Outlook, ba sa buɗe hotunan da ke zaune a wata saba sai an ba su izini. Wannan yana hana 'yan talla sanin lokacin da aka buɗe saƙonsu, domin sukan ɓoye ɗan ƙaramin hoto a ciki saboda wannan manufa. A ɗaya ɓangaren, ajiye wasiƙu a kwamfuta yana ɗora wa mai ita nauyin tsaronsu. Wanda ya sami kwamfutar a buɗe, ko ya cire faifan ajiyarta, zai iya karanta su idan ba a rufe faifan da BitLocker ko FileVault ko makamancinsu ba. Saboda haka ba a girka asusu a kwamfutar kafe ko ta ɗakin karatu ko wadda ake rabawa da wasu a ofis. Mai amfani da POP3 da ke share wasiƙu daga saba kuma, idan faifansa ya lalace ko aka sace kwamfutar, ya rasa komai, sai in yana kwafar foldar manhajar zuwa wani faifai a kai a kai.

Akwai abubuwan da manhaja ba ta karewa. Tace saƙonnin banza akasari a saba ake yin sa, kuma dokokin kamfani kan girman fayil, kamar megabayit 25 na Gmail, suna nan yadda suke. Idan kamfani ya rufe asusu, adireshin ya tafi, ko da tsofaffin wasiƙun suna kan kwamfuta. Google ya sanar a 2023 cewa zai iya share asusun mutum da ya shekara biyu ba a yi amfani da shi ba, kuma ya ce aiwatarwar za ta fara daga watan Disamban wannan shekarar. Masu son kauce wa wannan sukan yi rajistar sunan yanki nasu na intanet su ɗora adireshinsu a kai. Hakan yana buƙatar biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, amma yana ba su damar sauya kamfanin da ke ajiye musu wasiƙu ba tare da adireshin ya canza ba.